Na Ba Buhari Yaƙin da Ba Nasa Ba

Mutumin Baturiya ba ya shiga Haɗejiya don kallo. Buƙata ce ke kai shi. Ko ya ɗauro kwalin banda zai kai kasuwar kifi, ko injin ban-ruwa ya tsaya cik ana tsakiyar rani yana neman makaniki, ko kuwa an kwantar da wani nasa a asibiti. Da ya gama abin da ya kawo shi, hankalinsa ya koma tasha, kada motar ƙarshe ta tashi ta bar shi. Haka muka taso muka tarar. Shi ya sa in ka tambaye mu Haɗejiya za mu gaya maka inda taki ya fi araha da inda ake samun mai mai kyau, amma ka ce mu nuna maka inda ganuwa ta bi, sai mu shiga sosa ƙeya. Ni ma cikinsu nake, sai dai nawa ya fi muni, domin ni alli ne a hannuna, abin da na faɗa rubutawa ake yi.

Malamin makaranta ne ni, rakiyar baƙi kuwa tsintarta na yi. Tun da aka sa dausayin Baturiya cikin jerin dausayoyin duniya na Ramsar a 2008, da faɗinsa na hekta dubu ɗari da ɗoriya, masu zuwa kallon tsuntsaye suka ƙaru. Da hunturu suke zuwa, lokacin da agwagin Turai suka ƙetaro Hamada suka sauka a ruwanmu: ɗaliban jami'a, ma'aikatan gandun daji, jefi-jefi da Bature rataye da madubin hangen nesa. Sukan nemi wanda ke jin Turanci kuma ya san hanyar fadama, sai a ce a kira Malam. A cikin ruwa kam ba na jin kunyar kowa. Ina rarrabe kukan kirinjijiya da na ɗinya tun ban gan su ba, na san gaɓar da zalɓe ke tsayawa da inda jinjimi ke kiwo. Ina iya zama in warware wa baƙo yadda madatsar Tiga ta 1974 da ta Challawa ta 1992 suka sauya zuwan ruwa, da yadda kacala ta toshe hanyoyin da kwale-kwale ke bi a da. Wannan sanin ne ya ruɗe ni. Bakin da ya saba ana tambayarsa yana amsawa yakan manta yadda ake cewa ban sani ba.

Game da Haɗejiya kuwa magana ɗaya nake da ita ga kowane baƙo: babu abin gani a nan, a sha mai, a sayi burodi da ruwan leda, mu wuce kafin rana ta yi. In wani ya matsa da tambaya muna cikin mota, sai in jefa masa ɗan abin da ke bakina, cewa garin jarumai ne, Sarkinsu Buhari ya yaƙi Turawa har ya yi shahada. Mota na gudu, ba mai tsayawa ya bincika.

Wata shekara, cikin Janairu, na tarbi wasu ɗalibai da malamarsu da suka zo ƙidayar tsuntsayen ruwa. Motarsu ta lalace a bakin gari, makaniki ya duba ya ce sai bayan La'asar. Malamar ta ce tun da Allah ya tsayar da su a nan, in kai su cikin tsohon gari su ga fada. Amsar da ta dace a bayyane take: ranki ya daɗe, ni ɗan fadama ne, bari mu nemi ɗan gari ya yi mana jagora. Ban faɗe ta ba. Na shige gaba ina nuna wannan ina nuna wancan, abin da na sani da abin da na zata duk murya ɗaya nake ba su. Da muka iso ƙofar fada na tsaya na gyara murya. Na ce a nan ne Sarki Buhari ya tsaya wa Turawa a 1906, a nan ya faɗi da takobi a hannu. Ɗalibai suka duƙufa rubutu.

Akwai wani dattijo baduku zaune a inuwa kusa da mu, basilla a hannu, yana gyaran ragamar doki. Ya ɗago kai.

"Malam, daga ina?"

"Daga Baturiya, Baba."

"A'a, ashe na gida ne. Ɗan matso mana, in ji wata magana."

Sutura yake so ya yi mini, ya gaya mini a kunne in koma in gyara da bakina. Ni kuwa na ɗauka ƙarin bayani zai kawo wanda zai ƙara mini kwarjini, sai na ce, "Baba, faɗi a nan kawai, ɗalibai ne, su ma su ƙaru."

Ya dube ni jim kaɗan, ya ajiye basillar. "Ɗan nan, ran da Nasara suka shigo garin nan Buhari ya fi shekara arba'in a ƙasa. A Gogaram ya faɗi, wajen yaƙin Badawa. Wanda ya tsaya a nan Muhammadu ne, ɗan Haru. Shi ake ce wa Mai Shahada."

Da a nan na tsaya, da kuskure ne irin na kowa. Abin da ya biyo baya shi ne har yau nake jin nauyinsa. Na ce, "Baba, ai ni a littafi na gani." Babu wani littafi. Ƙarya na yi a gaban ɗalibai don kada a ce baduku ya gyara wa malami. Dattijon bai yi musu ba. Ya ce, "To, madalla. Allah ya sa littafin ya fi mu sani," ya ɗauki basillarsa ya koma kan ragama. Wata ɗaliba ta riga ta lalubo jerin sarakunan Haɗejiya a wayarta, ta karanto a hankali, ba da nufin tozarci ba: Buhari, 1863, Muhammadu, 1885 zuwa 1906. Malamar ta ce wa ɗalibanta su ja layi a kan abin da suka rubuta. Har muka isa Baturiya da daddare ban ƙara nuna wa kowa komai ba.

Ya kamata in shimfiɗa maganar daidai, tun da na daɗe ina karkatar da ita. Kafin jihadi ƙasar nan ƙananan sarautu ce guda bakwai, Auyo da Haɗejiya da Garun Gabas da Gatarwa da Kazura da Fagi da Dawa, suna bin Borno ta hannun Galadima da ke Nguru. 'Ya'yan Harɗo Abdure, Umaru da Sambo, su ne suka kafa mulkin Fulani da tutar Shehu. Sambo ya hau a 1808, ya taso daga Rinde ya zauna cikin Haɗejiya, ya faɗaɗa garin, ya yi mulki har 1845. Buhari ɗansa ne. Ya hau a 1848, kuma bai daɗe ba ya sa aka kashe ɗan'uwansa Sarkin Auyo. Sarkin Musulmi Aliyu Babba ya neme shi, ya ƙi amsa kira, aka tuɓe shi a 1850 aka naɗa ɗan'uwansa Ahmadu. Shekara na zagayowa Buhari ya dawo da ƙarfi, ya ƙwace garin, Ahmadu ya rasa ransa. Da aka haɗo masa rundunar masarautu, har da ta Kano ƙarƙashin Galadima Abdullahi, ya tarwatsa su a Kaffur. Daga nan har ƙarshen ransa bai sake bin Sakkwato ba. Ya ci Marma, ya addabi gabashin Kano da Katagum da hare-hare, ya kwashi bayi ba adadi. Baturen nan matafiyi Heinrich Barth, wanda ake kira Abdulkarim, ya bi ta Gumel a 1851 zai je Kukawa, kuma ya rubuta labarin Buhari da irin tsoron da sunansa ke jefawa a zukatan mutanen hanya. Iyakar abin da ya haɗa Buhari da Turawa ke nan da zan iya nunawa: wani matafiyi ya ji labarinsa daga nesa.

Muhammadu kuwa ɗan Haruna ne, Haruna ɗan Sambo, wato Buhari baffansa ne. Ya shekara ashirin da ɗaya a kan gado. A zamaninsa Kano ta faɗi a Fabrairun 1903, Sakkwato ta bi a Maris, aka yi yaƙin Burmi a Yuli. Haɗejiya ta yi shekara uku tana zaman doya da manja da Turawa, ba ta fito fili ta yi yaƙi ba, ba ta kuma miƙa wuya yadda suke so ba. Bayan boren Satiru a farkon 1906, Gwamna Lugga ya ƙudura ba zai bar wata masarauta tana ɗaga kai ba. Aka turo runduna daga Kano ƙarƙashin Kanar Lowry Cole, da bindigogi masu ruwa. Aka aika wa Sarki da sharuɗɗa, manzon ya sha mari. A ƙarshen Afrilun 1906 suka shiga garin. Mahaya dawakai da masu baka suka tare su, aka yi ta yi lungu-lungu na tsawon sa'o'i, har yaƙin ya ƙare a fada, inda Sarki ya faɗi tare da wasu 'ya'yansa da manyan mayaƙansa. Ita ce masarauta ta ƙarshe a daular Usmaniyya da Turawa suka ci da yaƙi.

Da na zauna na auna, sai na ga ba shekara kawai na rikita ba. Mutum biyu ne masu hali daban, da yaƙi biyu masu ma'ana daban. Ɗaya ya yi wa Sakkwato tawaye, kuma yawancin waɗanda takobinsa ya ci Musulmi ne 'yan'uwansa da talakawan ƙauye irin kakannina. Ɗayan ya san abin da ya sami Kano da Burmi, ya san abin da bindiga mai ruwa ke yi wa doki, ya tsaya duk da haka. Ni na ɗauki shahadar wannan na yafa wa wancan. Na san dalili. Sunan Buhari a ƙasar nan babbar tarwaɗa ce a ƙaramin kududdufi, duk abin da ya faɗo sai ta haɗiye. Tun muna yara in an ce jarumtar Haɗejiya shi ake ambata, sai ƙwaƙwalwata ta tattara duk wani yaƙi ta ɗora masa. Wannan dalili ne na kuskuren farko. Littafin da na ƙirƙira ba shi da wani dalili sai girman kai.

Na koma wajen dattijon bayan baƙin sun tafi, da ɗan goro a aljihu. Na durƙusa na ce, "Baba, na zo neman gafara. Babu littafin da na gani." Ya yi dariya har ya ajiye aikinsa, ya ce ai tun a ranar ya sani, wanda ya karanta a littafi yakan faɗi sunan littafin. Sannan ya tambaye ni ko na taɓa bin titin nan da ƙafa alhali ba na neman komai, ba taki, ba magani, ba mota. Na ce ban taɓa ba. Ya kira wani jikansa ya ce ya kai Malam ƙofar gari ya dawo da shi a hankali, duk inda ya ga tsoho zaune su tsaya su gaisa. Abin da zan faɗa daga nan, daga wannan tafiya ya fara, da waɗanda na yi bayanta.

A fara daga ƙofa, kuma a fara da sassafe, kafin 'yan acaɓa da masu Keke su cika hanya. Yawancin ganuwa ta zube, gidaje sun hau inda take, amma sunayen ƙofofi na nan a bakin mutane, Ƙofar Arewa, Ƙofar Gabas, Ƙofar Yamma, Ƙofar Mandara, har yau da su ake kwatance. Wanda ya zo neman katanga mai tsawo ya ɗauki hoto zai ce babu komai, abin da na yi ta faɗa ke nan. Sai ka rage sauri za ka fara lura da inda ƙasa ta ɗan tashi ba dalili, da kududdufan da aka haƙi ƙasar gini a cikinsu, da inda faffaɗan titin zamani ya tsuke ya zama hanyar da aka yi don doki da jaki. Daga wannan tsukewar ka shiga tsohon gari. Lungunan da ke ɓallewa hagu da dama ba su miƙe ba, kowanne ya karkata ya ɓuya bayan wani gida. Wanda ya leƙa su zai gane abin da ya sa yaƙin 1906 ya ɗauki sa'o'i a cikin gari, ko da yake makaman ba su yi kusa da daidai ba.

Unguwannin da ake ratsawa ko ake gilmawa ta gefensu su ne taswirar da ta fi kowace: Majema, 'Yankoli, Kasuwar Ƙofa, Kasuwar Kuda, Rumfa, Dubantu, Matsaro, Gagulmari, Sabon Garu. Wasu sana'ar da ta tara mutanen wurin suke faɗa, wasu inda aka taɓa cin kasuwa, wani kuma yana gaya maka cewa garin ya taɓa yin ƙunci har aka ƙara masa katanga. Tambayi duk dattijon da ka tarar a dakali me ya sa ake kiran unguwarsu haka. Ba lallai amsoshin su zo ɗaya ba, kuma na koyi kada in zaɓi wadda ta fi daɗi in mayar da ita gaskiya. In ka ji labarin maharbi Haɗe da matarsa Jiya da aka ce su suka kafa garin, karɓe shi a matsayin abin da kakanni suka faɗa, ka kuma isar da shi a haka.

Gine-ginen ƙasa suna ƙarewa, bulo da kwano na cinye su shekara bayan shekara, kuma ba na zargin mai gida, don wanda ya sha yaɓe kowace damina ya san abin da ya sa ya sayi siminti. Amma akwai sauran zauruka. In ka sami wanda mai shi ya yarda ka shiga, ɗaga kai ka dubi rufin: yadda aka jera azara, yadda bakan gizo ya tashi daga bango ya haɗu a tsakiya ba ƙarfe ba ƙusa. Taɓa bangon ka ji kaurinsa. Da tsakar rana, lokacin da shagon kwano ke gasa mai shi, cikin zauren nan da sanyinsa. A irin waɗannan zauruka ake karatun littattafai bayan Asuba da bayan Magariba, Ahalari da Ishmawi da Risala, almajirai manya da furfurarsu zaune gaban malami. Ba wurin kallo ba ne. In ka yi sallama aka ce ka zauna, zauna ka saurara, wayarka na aljihu. Garin da ya haifi Mu'azu Haɗejiya, malamin makaranta kuma mawaƙin da ya rasu a 1958 wanda har yau ake karanta waƙoƙinsa a azuzuwan Hausa, bai rasa masu sauraron magana da kunnen gyara ba. Ni shaida ne.

Masu sana'a kuwa ba a wuce su da nuni da yatsa, yadda na yi a ranar. Tsaya wajen baduku ka ga yadda fatar da aka jeme da bagaruwa, aka rina ta ja da karan dafi, ke zama kube ko laya ko kayan doki. Kusa da Sallah aikinsu ba ya ƙarewa, don kowane hakimi da kowane yaron sarki na son sirdinsa da ragamarsa su fito. In za ka sayi abu saya, in ba za ka saya ba ka gaisa da kyau ka yi tambayarka, yawancinsu ba sa ƙin amsawa. Da hantsi nemi mai waina, da rana a dama maka fura da nonon da Fulanin fadama suka shigo da shi, in yamma ta yi hayaƙin tsire zai kira ka da kansa.

Sai ƙofar fada, da babban masallaci a kusa da ita, yadda tsarin biranenmu yake. Nan ne gidan da zuriyar Sambo ke zaune fiye da shekara ɗari biyu. Bayan Mai Shahada an yi Haruna, da Abdulƙadir, da Usman daga 1925 zuwa 1950, da Haruna wanda ya kai 1984, da Abubakar Maje, sannan Mai Martaba Adamu Abubakar Maje tun 2002. Baƙo ya fara gaida dogarai, ya faɗi abin da ya kawo shi, kada ya ɗaga waya ya hau ɗaukar hoto bai nemi izini ba, in an ce a tuɓe takalmi a tuɓe. Ranar Juma'a filin kan cika. Da Sallah kuwa hakimai kan shigo da dawakansu daga ƙananan hukumomi takwas na masarautar, Haɗejiya da Auyo da Kafin Hausa da Kaugama da Malam Madori da Birniwa da Guri da tamu Kiri Kasamma, ga kakaki ga algaita ga 'yan lifidi, titin da ka bi da safe shiru ya koma ƙura da kirari. Na sha zuwa kallon hawa tun ina saurayi, ina tsaye a filin nan ina tafi, ban taɓa tambayar wa ya mutu a inda nake tsaye ba. Yanzu in na kawo baƙi nakan bar su su yi shiru kaɗan kafin in ce komai, sannan in faɗi sunan daidai: Muhammadu ɗan Haruna ɗan Sambo. In dattijon na nan, shi nake roƙo ya faɗa, ni in fassara.

Wanda ke da sauran ƙarfi ya nemi a kai shi kabarin Mai Tumbi, wato Kyaftin Phillips, jami'in Turawan da ya yi ta kai-kawo da Haɗejiya a zamanin Mai Shahada, wanda shi ma a garin ya mutu aka binne shi. Ba wani abin ƙawa ba ne. Amfanin zuwa shi ne ka ga cewa mutanen gari sun riƙe laƙabin da suka sa masa fiye da shekara ɗari, sun san inda yake kwance, sun kuma bar shi a wurin.

Abin da ya fi ba ni kunya a duk tafiyar ba tarihin sarakuna ba ne. Kasuwar kifi ce, wurin da na fi sani a garin, wanda ban taɓa tunanin abin nuna wa baƙo ba ne. Tsaya a nan ranar kasuwa ka ga kwalaye jibge, bandar tarwaɗa da ƙarfasa da bargi da gaiwa, dillalai na ciniki, manyan motoci na lodi zuwa kudu. Dubi tabarmi da faifai da igiyar kaba, daga gorubar dajinmu aka yanko su. Dubi buhunan shinkafa da alkama da tattasai. Duk wannan ruwanmu ne ya shigo gari ya zama kuɗi. Ɗaliban da nake kaiwa su ƙirga agwagi sukan tambaye ni me ya sa mutane ke shiga gandun da aka keɓe suna kamun kifi, suna saran itace, suna kiwo. Nakan ba su amsa a bakin ruwa, amsar ba ta cika ba. Rabin amsar na nan cikin kasuwa, a farashin kwalin banda da yawan bakunan da ke ci daga gare shi. Wanda ya ga tsuntsayen Baturiya bai ga wannan kasuwa ba zai koma ya rubuta rahoton da ke cewa a hana, bai san wa zai hana ba. Ni ne na riƙa tsallakar da su wannan darasi, da cewar da nake yi a sha mai mu wuce.

Daga kasuwa a gangara bakin kogi a ga jinga. A daminar 2020 da ta 2022, da ruwa ya yi barazanar shiga gari, matasan Haɗejiya sun kwana suna cika buhuna da ƙasa suna ɗorawa, unguwa-unguwa, masu hali na aiko da abinci da buhu. Mu a ƙauyukan fadama ruwan ya ci gonakinmu, wasunmu a cikin garin nan suka sami mafaka. Duk wanda ka tarar a bakin jingar yana da labarin daren da ya tsaya a kanta, kuma a wannan karon ba sai an nemi tsoho ba, ɗan shekara ashirin ma zai ba ka.

Gyaran abin da na ɓata ya fi koyon titin wuya. Malamar da ɗalibanta sun ji gaskiya a take, ba su ne damuwata ba. Baƙin da na jefa wa maganar a cikin mota sun watse cikin duniya, ban san inda zan same su ba. Sai kuma yaran ajina, shekara da shekaru, waɗanda suka rubuta a littafinsu cewa Buhari ya yaƙi Turawa, wasu har na ba su maki a kai. Na shiga kowane aji na faɗa musu cewa Malam ya yi kuskure, na rubuta sunayen biyu a allo da shekarunsu, 1863 a gefe guda, 1906 a ɗaya gefen. Yara sun ji daɗin abin fiye da kowane darasi da na taɓa yi, har wani ya tambaya ko za a mayar wa waɗanda suka faɗi jarrabawa makinsu.

Waɗanda suka riga suka fita su ne matsala. Kwanakin baya na shiga motar haya daga Haɗejiya, wani tsohon ɗalibina na gaba kusa da direba, yanzu shi ma koyarwa yake a wata firamare cikin Guri. Hira ta kai ga tarihi, sai na ji yana ba wani fasinja labari da cikakken ƙarfin zuciya, yadda Sarki Buhari ya mari manzon Turawa ya fito da takobi. Na taɓa kafaɗarsa na ce Muhammadu ne, ba Buhari ba. Ya juyo da mamaki ya ce, "Amma Malam, ai kai ka koya mana." Na ce ni ne, kuma ban koya daidai ba. Na tambaye shi yara nawa ne a ajinsa, ya ce sun haura saba'in. Na ce masa ranar Asabar ya same ni a Ƙofar Gabas da sassafe, ya zo da littafin rubutu da takalmin da zai iya tafiyar ƙasa da shi, akwai wani dattijo da za mu je gaisarwa.